AUYO TSAKANIN FARI DA AMBALIYA

Yau za mu yada zango ne a Auyo, wani ƙaramin gari da ke masarautar Haɗeja a Jihar Jigawa. Duk mai sauraron labaran rediyo a watannin Agusta da Satumba ya san sunan nan, domin da wuya a lissafo ƙananan hukumomin da ruwa ya ci a Jigawa ba a ambaci Auyo ba. Har ta kai matashi ɗan shekara ashirin idan ya ji an ce Auyo, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne buhunan yashi, da kwalekwale a kan hanyar mota, da shinkafar da ta nutse saura kwana kaɗan a yanke ta.

Amma da za a tambayi kakannin kakanninmu abin da suka fi tsoro a wannan yanki, rashin ruwa za su ambata. A wurinsu, shekarar da kogi ya cika ya malale fadama ita ce shekarar ƙoshi. To yaya aka yi abin da ake roƙo a da ya koma abin da ake gudu a yau? Amsar tana cikin tarihin shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, kuma shi za mu bi daki-daki.

GARIN DA KOGINSA

Auyo tsohon gari ne. Tarihin baka ya nuna ya girmi Haɗeja, kuma yana cikin ƙananan masarautu bakwai na wannan yanki, irin su Garun Gabas da Gatarwa da Kazura, waɗanda suke biyayya ga Borno ta hannun Galadiman da ke zaune a Nguru. Bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, aka haɗe su ƙarƙashin Haɗeja. Mutanen garin na asali, wato Auyokawa, suna da harshensu na kansu, dangin harshen Badawa da Ngizimawa, wanda a yau ya ɓace, Hausa ta maye gurbinsa. A ƙidayar 2006 an sami mutum kimanin 132,000 a ƙaramar hukumar, har da na garuruwa irin su Gamsarka da Ayama da Gatafa da Unik.

Ruwan saman da ake samu a wannan yanki bai taka kara ya karya ba, kimanin milimita 600 ne zuwa 700 a shekara, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. Ruwan da ke cin Auyo daga nesa yake tahowa. Kogin Kano da Kogin Chalawa suna tattaro ruwan duwatsu da tuddan da ke kudu da yammacin Kano, su haɗu kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja, sannan ya miƙa gabas maso arewa ta Ringim da Miga. Daga nan ne yake barin ƙasa mai duwatsu ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai rairayi wadda gangarenta bai da yawa. Tsofaffin tuddan rairayi, wato jigayi, waɗanda daga gare su jihar ta samo sunanta, su ne suke raba kogin gida-gida. Reshe ɗaya ya zama Kogin Kafin Hausa, babban kuma ya wuce ta Haɗeja ya sake rarrabuwa a dausayin Haɗeja da Nguru, ya haɗu da Kogin Jama'are a wajen Gashuwa, su zama Komadugu Yobe wanda ke zubawa a Tafkin Chadi.

Filayen noman Auyo suna tsakanin Kogin Haɗeja da Kogin Kafin Hausa. Ke nan garin yana zaune ne a daidai inda kogi ya rage gudu, ya fara neman wurin bajewa. Shi ya sa za a iya yin mako guda ba a ga hadari a Auyo ba, rana na dukan mutane, amma ruwa yana ta hauhawa a bakin gona. Ruwan da aka yi a Tudun Wada ko Ƙaraye kwanaki da suka wuce ne yake isowa.

LOKACIN DA AMBALIYA TAKE ALHERI

Mutanen da ba su zauna a nan bisa kuskure ba. Sun zauna ne saboda ruwan. Tsarinsu shi ne gida a kan tudu, gona kuwa iri biyu. A jigawa a shuka gero da dawa da wake, waɗanda ruwan sama ke ɗauka. A fadama a shuka shinkafa da ruwan farko, ta riƙa tsawo tana bin ruwan kogi yayin da yake hawa. Idan damina ta yi gardama gero ya ƙone, ana sa rai da fadama. Idan kogi ya wuce gona da iri ya cinye shinkafa, gero yana nan a tudu. Da wuya a rasa duka biyun a shekara ɗaya.

Idan ruwa ya janye da kaka, yakan bar laka mai taki, a bi danshin a shuka wake da sauran kayan rani. Masu jigo su ɗebo ruwa daga ramuka su yi albasa da tattasai. Kifin da ya hayayyafa a cikin ciyawar da ruwa ya rufe ya taru a tafkuna, masunta su shiga da koma da gora. Da rani kuma Fulani su gangaro da shanu su ci ɗanyar ciyawar fadama, su bar taki. Ruwan da ya kwanta wata biyu ko uku a fili yana tsatsafowa ƙasa, shi ne yake cika rijiyoyin garuruwan da ko ganin kogin ba sa yi. Sannan akwai abu ɗaya da ya kamata mu riƙe, domin za mu dawo kansa: da rani kogin yakan tsaya cak. Ya bushe, sai 'yan tafkuna nan da can, a tsallake shi da ƙafa.

SHEKARUN YUNWA

Masifar da ta fi girgiza wannan ƙasa a ƙarnin da ya wuce ita ce yunwar da ake kira Kakalaba. Damina ta ƙi a 1913, shekara bakwai kacal bayan yaƙin 1906 wanda a cikinsa Turawa suka kashe Sarkin Haɗeja Muhammadu suka karɓe garin. Gero ya bushe a tsaye, koguna ba su kawo ruwan kirki ba, Tafkin Chadi kansa ya ja baya. Kafin daminar 1914 rumbuna sun zama wayam. Mutanen Damagaram da sauran ƙasashen da ke hannun Faransa suka yi ta kwararowa kudu neman abinci, suka tarar masu masaukin ma ba su da shi. Dubun-dubatar mutane suka mutu a Lardin Kano, wanda Haɗeja take ƙarƙashinsa a lokacin.

Fari ne ya kawo Kakalaba, amma akwai abubuwan da suka ƙara mata kaifi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, haraji kuma ya koma na tsabar kuɗi. Manomin da a da yake ajiye hatsin shekara biyu ko uku a rumbu, yanzu dole ya sayar da wani abu da kaka don ya biya haraji, lokacin da hatsi ya fi araha. Da fari ya zo sai ya tarar da rumbun da aka riga aka rage masa ƙarfi. Wannan shi ne darasi na farko a tarihin nan: yanayi ne yake kawo bugu, amma tsarin da mutane suka shimfiɗa shi ke yanke ko bugun zai yi kisa.

Bayan Kakalaba an sake shan wuya a 1927, yunwar da a sassan ƙasar Hausa ake kira 'Yar Buhu. A farkon shekarun 1930 fara ta yi ta sauka a gonakin Arewa shekara bayan shekara. A 1942 aka yi wadda mutanen Katsina suke kira 'Yar Gusau, saboda can aka riƙa zuwa neman hatsi. Kowace ƙasa da sunan da ta raɗa wa tata yunwar, kuma da waɗannan sunaye ne tsofaffi suke lissafin shekarun haihuwa da na aure. A 1930 layin dogo ya isa Nguru ta Malam Madori, wanda ya sa kawo hatsi wannan yanki ya fi sauƙi, amma ta wannan hanyar ce kuma amfanin gona yake ficewa.

Shekarun 1950 da farkon 1960 sun zo da ruwa mai yawa. A 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000. Mutane suka saki jiki, aka faɗaɗa gonaki, dabbobi suka yawaita. Sai ruwa ya fara ja da baya daga ƙarshen shekarun 1960, ya kai maƙura a 1972 da 1973. Shanu suka mutu garke-garke, rijiyoyi suka ƙafe, magidanta suka bazama cirani. Ba a gama farfaɗowa ba wani farin ya sake dawowa a 1983 da 1984, wanda a wajen ƙarancin ruwan kogi ya ma fi na farko muni. A tsakiyar shekarun 1980 Tafkin Chadi bai kai kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa na 1963 ba.

MAGANIN FARI

Gwamnatocin wancan zamani sun ga yunwa da idonsu, saboda haka ba abin mamaki ba ne da suka yanke shawarar a tare ruwa a ajiye. A zamanin Gwamna Audu Bako, lokacin Jigawa tana cikin Jihar Kano, aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, aka kammala ta a 1974. An tsara ta da ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. An fara aikin tun kafin farin ya yi tsanani, amma farin ne ya sa kowa ya yarda cewa dam shi ne mafita. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. A 1992 aka kammala madatsar Chalawa a ƙasar Ƙaraye. A nan kusa da Auyo kuma aka gina shingen tare ruwa na shirin noman rani na Kwarin Haɗeja, wanda ya fara aiki a farkon shekarun 1990.

Kada mu yi butulci, waɗannan ayyuka sun yi amfani. Ruwan Tiga ne yake ba da noman rani na Kadawa da Kura, daga kogunan nan biyu ne birnin Kano yake shan ruwa, kuma shinkafa da alkama da tumatirin da ake nomawa da rani a Auyo sun fitar da gidaje da yawa daga ƙangin jiran damina. Matashin Gamsarka da kakansa yake tafiya cirani, shi yau yana da aikin yi a watan Fabrairu a ƙofar gidansu.

Sai dai madatsun sun sauya wa kogin ɗabi'a ta fuska biyu. Ta farko, sun rage ambaliyar damina wadda fadama ta dogara da ita. A shekarun 1960 ruwa yakan rufe fiye da hekta 200,000 a dausayin Haɗeja da Nguru, amma a shekarun 1980 da farkon 1990, da fari da madatsu suka haɗu, abin ya koma ƙasa da rabin haka. Masunta da makiyaya da masu shinkafar fadama suka shiga uku. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi lissafi, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama yana samar da amfani, na noma da kifi da itace, fiye da irinsa da aka karkatar zuwa noman rani na Kano, nesa ba kusa ba. Kukan wancan lokaci ke nan a ƙasar Haɗeja: an hana mu ruwa.

Fuska ta biyu ita ce ta fi daɗewa ba a gane haɗarinta ba. Tunda ana sakin ruwa daga madatsun da rani, kogin da a da yake bushewa sai ya koma yana gudana shekara zagaye.

KACHALA

Kachala ciyawa ce mai tsawo da takan fi mutum, mai son ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Tun da can akwai ta jefi-jefi, amma rani yana kashe ta kowace shekara. Da kogi ya daina bushewa, ga kuma ragowar takin zamani da ke gangarowa daga filayen noman rani, sai ta samu abin da take so. Daga shekarun 1990 ta bazu kamar wutar daji, ta rufe hanyoyin ruwa da tafkuna da gonakin fadama tun daga ƙasar Haɗeja har Nguru.

Ga yadda take aikinta. Idan ta cika hanyar ruwa, gudun ruwa yana raguwa. Idan gudu ya ragu, yashi da lakar da ruwan yake ɗauke da su sai su kwanta. Cikin kogi ya cike ya taso sama, kachala ta sami sabon wurin kafa saiwa, ta ƙara toshewa. Shekara goma, shekara ashirin, sai a wayi gari kogin da yake ɗaukar ruwa mai yawa a cikinsa ya zama ba zai iya ɗaukar rabinsa ba. Haka tsohon Kogin Haɗeja da Burum Gana suka toshe, ruwa ya karkata ta hanyar Marma ya addabi mutanen Nguru, alhali mutanen Gashuwa da ke ƙasa suna kukan ƙarancinsa. Shi ma Kogin Kafin Hausa, wanda ya kamata ya rage wa babban kogi nauyi idan ya cika, yashi ya cike shi.

To ku haɗa wannan da abin da ya faru a sama. Tun daga shekarun 1990 ruwan sama ya fara dawowa a yankin Sahel, amma da wata sabuwar ɗabi'a ta saukowa da yawa a lokaci ɗaya. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu tsananin ruwa a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ruwa ya ƙaru, hanyarsa ta ƙuntata, jama'a kuma sun ninka, an yi gini da gona a wuraren da kakanni suka bar wa ruwa. Idan ruwa ya rasa hanyar gaba, gefe yake yi. A gefen nan kuwa Auyo take.

SHEKARUN RUWA

Gargaɗi na farko ya zo ne a watan Agustan 1988, lokacin da madatsar Bagauda da ke kusa da Tiga ta fashe bayan mamakon ruwan sama, ta yi ɓarna mai yawa a ƙasar Kano. Shekara huɗu kacal bayan farin 1984 ke nan. A ƙarshen Agustan 2001 ambaliya ta ci garuruwan bakin kogi a Kano da Jigawa, aka rasa rayuka da gidaje masu yawa. A Satumban 2010 gwamnatin Jigawa ta ce ruwa ya shafi mutane kimanin miliyan biyu, ta ɗora laifin a kan sakin ruwan Tiga da Chalawa, masu kula da madatsun kuwa suka ce cika suka yi ruwa ya bi ta mafitarsa.

Wannan gardama tana dawowa kusan duk shekara, kuma ya kamata mu fahimce ta. Idan dam ya cika maƙil, ruwa yana tsallake mafitar da aka gina masa ko da ba wanda ya taɓa ƙofa. Ta wannan fuska masu dam suna da gaskiya. Amma yawan ruwan da dam yake riƙe da shi a farkon damina, da yadda ake rage shi kafin Agusta, da sanar da mutanen ƙasa a kan kari, duk shawara ce ta mutane. Ta wannan fuska kuma mutanen ƙasa suna da haƙƙin yin tambaya.

A 2012 aka yi ambaliyar da ta game Nijeriya, wadda hukumar NEMA ta ce ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu. Daga nan tazarar ta riƙa raguwa. A 2018 da 2020 da 2022 Auyo tana cikin ƙananan hukumomin da abin ya fi shafa, tare da maƙwabtanta irin su Kafin Hausa da Miga da Kaugama da Kiri Kasamma da Guri. A 2020 da 2022 matasan Haɗeja sun yi ta kwana a bakin jinga suna cika buhuna da ƙasa don kada ruwa ya shiga birni. Ta 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin ƙasa, fiye da 100 daga ciki a Jigawa.

Idan muka duba yadda ake mutuwa a irin wannan ambaliya ta shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, za mu ga ba kasafai ruwa yake zuwa da gudu ya share mutane ba. A hankali yake hawa. Abin da ke kisa shi ne ginin ƙasa da ya sha ruwa ta tushe ya rufta wa masu barci, da kwalekwalen da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife, da yaran da suka shiga kududdufin da ba su san zurfinsa ba. Bayan ruwa ya janye kuma sai amai da gudawa su biyo baya saboda masai ya haɗu da rijiya, sai zazzaɓin cizon sauro. Daga ƙarshe sai bashi: manomin da ya ci bashin taki da iri, ruwa ya cinye shinkafar, mai bashi kuwa yana nan yana jira. Yawancin waɗannan abubuwa ne da ake iya ragewa.

SAURAN FITINTINUN YANAYI

Ruwa ya rufe sauran labarai, amma suna nan. A ƙarshen bazara, iskar da ke gaban hadarin farko tana yaye rufin kwano, ta karya turakun lantarki, kuma makarantun firamare ne suka fi shan wannan. A Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40, lokacin da sanƙarau yake yaɗuwa a ɗakunan da ba iska. Annobar 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 11,000, akasari a nan Arewa. Da hunturu kuma ga gobara, lokacin da komai ya bushe iska tana kaɗawa. Sannan ga tsuntsayen jan-baki, waɗanda kachala ta zame musu masauki, suna tashi dubbai su sauka a gonar shinkafa ko gero su bar manomi da kara. Ita dai kachalar ce kuma take ɓoye sauro da dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya.

Fari ma bai yi ƙaura ba. Ko a shekarun nan na ambaliya akan yi shuka ruwa ya ɗauke mako biyu ko uku, a sake sayen iri. Wanda aka haifa bayan 1990 bai taɓa ganin irin farin 1973 ko na 1984 ba, kuma a nan haɗarin yake. Mutanen 1960 ma sun ɗauka ruwa ya zo ke nan.

ABIN DA TARIHIN YAKE NUNA MANA

An yi ƙoƙari, ba a zauna ba. A 1987 aka fara shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru. A 2006 jihohi shida da ke amfani da wannan ruwa, wato Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, suka yi taro a Damaturu suka amince da kafa asusun kula da kogunan. Shirin TRIMING na Bankin Duniya ya gyara noman rani na Kwarin Haɗeja, Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Auyo ya buɗe shi a Janairun 2023. Gwamnatin jiha ta sayo injinan yashe kogi, ƙungiyoyin sa-kai na ƙauyuka kuma sun daɗe suna shiga ruwa da lauje da adda suna yankan kachala. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya.

Amma tarihin da muka bi ya nuna mana inda gizo yake saƙa. Duk lokacin da muka magance fuska ɗaya ta kogin nan muka manta ɗayar, sai ta dawo mana ta bayan gida. An tare ruwa don gudun fari, aka haifi kachala. Yau kowane gari yana ɗaga jingarsa don gudun ambaliya, alhali ruwan da jinga ta kora bai ɓace ba, garin da ke gaba ko ƙauyen da ke tsallake ya tafi. Manomi ya fasa gaɓar kogi da rani don ya jawo ruwa gonarsa, da damina ta nan ruwa zai shigo wa kowa. Kogi ɗaya ne tun daga Tiga har Gashuwa, kuma ba a gyara shi gari-gari.

Saboda haka abin da ya kamata mu riƙa tambayar wakilanmu ya wuce buhun shinkafa da tabarmar agaji. Kilomita nawa aka yashe bana, kuma a ina? Wane shiri aka yi wa Kogin Kafin Hausa? Wa yake da alhakin sanar da mai unguwa idan Tiga ta kusa cika, kuma kwana nawa kafin ruwa ya iso? Yaushe aka duba lafiyar madatsun? Wanda ya ga abin da fashewar madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a Satumban 2024 ya san tambayar nan ta ƙarshe ba ta wasa ba ce. A namu ɓangaren kuma, kada a yi gini a hanyar ruwa don an ga shekara uku bai zo ba. A ɗaga tushen ɗaki, a fitar da tsofaffi da yara daga ginin da ya jiƙe tun kafin dare, kada a raina gonar tudu da gero saboda kuɗin shinkafa, kuma a bar wani abu a rumbu.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyanmu mu masu riƙe da alƙalami. Harshen Auyokawa ya tafi, abin da aka rubuta daga cikinsa bai wuce 'yan kalmomi ba. Waɗanda suka ga farin 1973 da wayonsu yau sun haura sittin, kuma kullum raguwa suke yi. Su ne suka san inda ruwa yake bi kafin kachala, da sunayen tafkunan da suka cike, da abin da aka ci aka rayu a shekarar da gero ya ƙi. Wannan ilimi ne da injiniya ba zai same shi a taswira ba. Kowannenmu yana da waya a hannu. A zauna da kaka ko kakan wani, a naɗi muryarsu, a rubuta. A garuruwan da ruwa ya shiga a 2022, a sa alama a bangon makaranta ko na asibiti daidai inda ya tsaya, a rubuta shekarar, don wanda zai yi gini nan da shekara ashirin ya gani.

'Yan uwa na Auyo da Haɗeja da Kafin Hausa da Ringim da Nguru da ke cikin wannan zaure, filin naku ne. Wane suna ake kiran yunwar 1973 ko ta 1984 a garinku? Wace shekara ce ruwa ya fi hawa a unguwarku, kuma ina ya tsaya? Ku ajiye mana a ƙasa, mu tattara. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.